Kuskuren Bugu ko Cinyewa? Yadda Za Ka Tantance Tsohon Kwabo da Wayarka

A shekarar 1955, masana'antar buga kuɗi ta Filadalfiya a Amurka ta fitar da wasu kwabban senti ɗaya da rubutunsu ya fito biyu-biyu. A yau masu tara tsofaffin kuɗi kan sayi guda ɗaya da dala 1,000 ko fiye.

Sai dai ba kowane kwabo mai aibi ne ke da irin wannan daraja ba. Kunna macro a kyamarar wayarka, ka haska tocila daga gefe. Irin wannan kuskuren bugu yana fitowa a tashe, tangararas. Cinyewa kuwa daga wuraren da suka fi tudu take farawa, ta bar su sumul. Karce yana tura ƙarfe gefe.

Kada ka goge kwabon don ya yi ƙyalli. Gogewa tana karya masa farashi.