Doula ko Courbis: gardamar da ta ƙi mutuwa

A fadojin shayi na Konni, Malbaza da Illela, in ana gardamar kocin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, sai an tuno 2012. Harouna Doula ne ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka karon farko, ya tsallake Masar da Afirka ta Kudu, har CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Da Gabon ta ci Mena 2-0 a wasan farko, sai aka miƙa ragama ga mashawarcinsa, Bafaranshe Rolland Courbis.

Masu goyon bayan sauyin suna cewa gogewa ake bukata. A ganina ba a kyauta wa Doula ba, don wasa ɗaya kacal aka ba shi. Bayan sauyin ma Tunisiya ta ci Mena 2-1, Maroko 1-0.