Neman Abinci a Ƙauye: Abin da Matafiyi Zai Lura da Shi

Wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ba sai an koya masa neman abinci ba. A Yakasai ko Mandawari, yaro ma ya san gidan da ake toya waina mai daɗi, ya san lungun da ɗanwake ke fitowa da hantsi, alhali babu gidan da ya kafa allo a ƙofa. Gurasar Jakara da kilishin Agadasawa duk a bakin mutane suka yi suna. Abin mamaki, wannan Bakanon ne da zarar mota ta fita da shi ta Ƙofar Ruwa ko Na'isa, sai ya shiga raba ido yana neman shago mai fenti da firji. In bai gani ba ya ce garin babu abinci, ya sayi biskit da lemon kwalba ya haƙura.

Abinci kuwa yana nan, kuma yadda ake sayar da shi a ƙauye bai bambanta da na cikin birni ba. Matan aure ne ke girkawa a cikin gida, yara su ɗauka su fita talla, ko mai so ya aika da kwano. Saboda haka kada baƙo ya tambayi inda gidan abinci yake, don za a nuna masa rumfar bakin titi ne kawai. Ya yi sallama a majalisar dattawa ko wajen mai shayi, a gaisa tukuna, sannan ya ce, "Baba, gidan wa ake dambu mai kyau a garin nan?" Nan take za a kira yaro a ba shi kwano. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan tsohuwar hanya ce: fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a zango suke sauka, fatoma ne ke haɗa su da masu tuwo.

Sai dai sanin gida bai isa ba in ba a san lokaci ba, kuma a nan yawancin 'yan birni ke faɗuwa. A Kano mutum zai iya samun shinkafa da ƙarfe uku na yamma ko goma na dare. Ƙauye ba haka yake ba. Koko da ƙosai na sassafe ne, rana na ɗagawa sun ƙare. Da hantsi ɗanwake da waina da dambu su fito. Tsakar rana ta fura ce, sai rogo da ƙuli ko kwaɗon zogale, musamman da damina lokacin da magidanta suke gona. Mai tsire ba ya hura wuta sai bayan la'asar, tuwo kuma sai magariba. Wanda ya sauka a ƙaramin gari da ƙarfe biyu yana neman tuwon dawa miyar kuka, kansa ya zalunta. Da azumi kuwa kada ma ya sa rai da komai kafin a kusa shan ruwa.

Ranar kasuwa ce ke rushe duk wannan lissafi. Garin da jiya ba ka ji motsin kowa ba, yau tukwane na kan murhu tun asuba. Wudil ranar Juma'a take ci, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari da ke bakin iyakar Nijar ranar Alhamis, ga kuma irin su Larabar Abasawa da Ladin Makole. A kasuwannin da ke da kara, inda ake cinikin shanu da tumaki, nama na ranar ne, don haka balangu da tsire da farfesun kayan ciki sun fi na ko'ina aminci. Fulani kuma sun kawo nono da man shanu daga ruga kai tsaye. A ganina, duk wanda tafiyarsa ke hannunsa, ya daidaita ta da ranar kasuwa, ya huta da sauran dabaru.

Kowane yanki kuma da abin da ƙasarsa ke bayarwa. Madatsar ruwan Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shi ya sa shinkafa 'yar gida da tumatir suka wadata a garuruwan nan na hanyar Zariya, har Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da ake zuwa daga kudancin ƙasa. A Tiga da Wudil kifi za a nema. A arewa, wajen Dambatta da Kazaure, gero ne sarki, furarsu kuwa ba sai an yi mata talla ba. Neman taliyar leda a garin masunta asara ce.

Wanda ba shi da lokacin shiga gari, sai ya bi sawun direbobi. Direban da ke bin hanya ɗaya kullum ba ya komawa wurin da ya taɓa ɓata masa ciki, kuma ba ya yarda a cuce shi a farashi. In ka ga manyan motoci sun yi layi a gaban wata rumfar kara a Kwanar Ɗangora, ta kusa da ita mai kujerun roba kuma babu kowa, ka san inda za ka zauna. Cinkoson nan yana da wani amfani ma: tukunyar da ake yawan ɗiba ba ta kwana.

Batun tsafta na bukatar ido, ba ƙyama ba. Rumfar ciyawa ba ita ce ƙazanta ba, kamar yadda tayil ba shi ne tsafta ba. A dubi ruwan wanke-wanke, ko ana sauya shi ko tun na safe ne. A dubi ko an rufe abinci saboda ƙuda, da kuma nisan wurin da kwata. Abin da aka sauke daga wuta yana tururi ya fi wanda ya huce aminci, musamman da damina da cutar amai da gudawa kan ɓarke ta hanyar gurɓataccen ruwa. Haɗarin fura ma galibi a ruwan damu yake da ƙanƙarar da ake jefawa, don haka babu laifi mutum ya miƙa wa mai nono ruwan da ya zo da shi ya ce, "Inna, da wannan za ki dama mini." A riƙe canji kuma, don mai ƙosai ba ta da na'urar cirar kuɗi, a wasu garuruwan ma sabis sai an hau tudu.

Wani lokaci tambayar nan da aka yi wa dattijo ba ta kai ga ciniki. Zai ce a zauna, can sai ga akushi an fito da shi daga gidansa. A nan kada a kuskura a zaro kuɗi a ce nawa ne, cin fuska ne. A ci, ko loma biyu ce in an ƙoshi, a aika da godiya cikin gida. In za a tashi, a ba yaron da ya kawo kwanon wani abu, maigida kuma a ajiye masa goro.