Koyon gina shafin intanet mai rumbun bayanai daga littafi: Abin da matasan Maiduguri ya kamata su sani

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakonsa a shafin JAMB, ko ya yi rajistar kwasa-kwasai a shafin Jami'ar Maiduguri, ya yi hulɗa da shafi mai rumbun bayanai, ko da bai san sunansa ba. Dubban ɗalibai ne ke buɗe adireshi guda, amma kowa da abin da yake gani: sunansa, lambarsa da makinsa. Shafin ɗaya ne, bayanan da ake zubowa cikinsa ne ke sauyawa.

Gina irin wannan shafi sana'a ce da ake koyarwa a aji, ana kuma iya koyonta daga littafi, muddin mai koyo ya san littafin da zai ɗauka da inda zai yi hattara.

Yadda abin yake aiki

A kwatanta shafin da shagon ɗan kasuwa. Gaban shago, inda mai saye yake tsayawa, shi ne abin da ake gani a fuskar waya ko kwamfuta, kuma da HTML da CSS ake tsara shi. Littafin da maigida yake rubuta kaya da basussuka shi ne rumbun bayanai, wanda manhaja irin MySQL ke riƙewa. Yaron shago da ke karɓar buƙatar mai saye, ya duba littafi ya kawo amsa, shi ne shirin da aka rubuta da harshen kwamfuta irin PHP. Da harshen SQL yake yi wa rumbun tambaya.

Tunanin adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna ya fito ne daga Edgar Codd na kamfanin IBM a 1970. An fitar da MySQL da PHP duka a 1995, kuma kyauta ake samunsu. A kansu aka gina WordPress a 2003, haka nan da PHP aka rubuta manhajar da ke tafiyar da Wikipedia.

Dalilin da littafi ya dace da Maiduguri

Mazauna Maiduguri sun san darajar wuta. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, abin da ya sa aka gina tashar gas mai ƙarfin megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. Ga kuma tsadar data, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Darasin bidiyo yana cin data da caji. Littafi kuwa ana karanta shi ko babu wuta, kuma yana jera darussa daki-daki, ta yadda ɗalibi ba zai tsallake tushe ya hau reshe ba. Gwajin aikin ma ba ya buƙatar intanet. Akwai manhajar kyauta mai suna XAMPP, wadda idan aka sauke ta sau ɗaya za ta mayar da laftof ƙaramar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, har a gina shafin a gwada shi a gida.

Daga cikin littattafan da suka yi suna akwai na Kevin Yank, wanda kamfanin SitePoint ya fara bugawa a 2001, da PHP and MySQL Web Development na Luke Welling da Laura Thomson, da Learning PHP, MySQL & JavaScript na Robin Nixon. Duk da Turanci aka rubuta su, amma Turancin sakandare ya isa ga mai haƙuri.

Tsara bayanai kafin rubuta umarni

Babin da masu koyo suka fi gaggawar wucewa shi ne na tsara jadawalai, alhali shi ne ginshiƙin aikin. A ɗauki misalin wata makarantar Islamiyya a Gwange ko Bulumkutu da ke son adana bayanan ɗalibanta. Za a buƙaci jadawalin ɗalibai, da na azuzuwa, da na biyan kuɗin makaranta.

A Borno ba abin mamaki ba ne a samu Modu uku ko Falmata huɗu a aji guda, wani lokaci har sunan mahaifi ya zo ɗaya. Saboda haka kowane ɗalibi sai an ba shi lambar da babu mai irinta. Wannan lambar ake rubutawa a jadawalin biyan kuɗi maimakon suna, don kada kuɗin wannan Modu ya faɗa kan wancan. Ƙa'idar ita ce kada a rubuta bayani guda a wuri biyu. Idan lambar wayar uba ta sauya, a wuri ɗaya za a gyara, gyaran ya bayyana ko'ina.

Bayan haka sai ayyuka huɗu da kusan kowane shafi ke yi: shigar da bayani, karanta shi, gyara shi, da goge shi. Wanda ya iya waɗannan a kan rajistar makaranta zai iya su a kan kayan shagon magani ko asusun ƙungiyar adashe.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba su cika jaddadawa ba. Haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da harafin ǝ na Kanuri, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya idan ba a saita rumbun a kan tsarin utf8mb4 ba tun farko.

Haɗarin tsohon littafi

Yawancin littattafan da ke yawo a hannun ɗalibai, ko na hannu ne ko waɗanda ake tura wa juna ta waya, tsofaffin bugu ne. Darussansu na HTML da SQL suna nan da amfaninsu, amma tsohuwar hanyar haɗa PHP da MySQL da suke koyarwa an cire ta baki ɗaya tun fitowar PHP 7 a Disamban 2015. Ɗalibi zai kwafi misali harafi da harafi ya ƙi aiki, ya ɗauka shi ne ya kasa. Don haka a duba shekarar bugu, a kuma tabbata littafin yana koyar da PDO ko MySQLi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne tsaro. Idan shafi yana ɗaukar duk abin da baƙo ya rubuta ya miƙa wa rumbu kai tsaye, ɗan kutse zai iya cusa umarnin SQL a gurbin suna ya kwashe bayanai. Ta wannan hanya aka kutsa wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, bayanan mutum kusan 157,000 suka fita, aka kuma ci kamfanin tarar fam 400,000. Maganin shi ne raba umarni da abin da baƙo ya rubuta, dabarar da PDO ta tanada. Kalmar sirri ma ba a adana ta a fili, sai an sauya mata kama ta yadda ko mai shafin ba zai iya karanta ta ba.

A jihar da ƙungiyoyin agaji da asibitoci ke riƙe da sunayen 'yan gudun hijira, marayu da marasa lafiya, wannan batu ne na amana. Batu ne kuma na doka, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan jama'a alhakin kiyaye su, ta kuma kafa hukumar da ke hukunta masu sakaci.

Ajiye kwafi a wani wuri

Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a Satumban 2024, wadda ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, sun nuna yadda takarda ke salwanta cikin dare ɗaya. Sai dai rumbun da ke cikin laftof guda shi ma ruwa da wuta ba za su bar shi ba. Wajibi ne mai koyo ya saba da fitar da kwafin rumbunsa a kai a kai yana ajiyewa a wani wuri dabam, yana kuma gwada dawo da shi don ya tabbata kwafin yana aiki.

Daga littafi zuwa kasuwa

Idan shafi ya kammala, sai a yi hayar gurbi a sabar wani kamfani, a kuma yi rajistar adireshi. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma da naira ake biya.

Littafi ba ya amsa tambaya idan aiki ya cije, don haka yana da kyau a nemi abokan koyo a Jami'ar Maiduguri, ko Kwalejin Fasaha ta Ramat, ko cikin shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. Mai makaranta ko mai shago da zai ba matashi aiki, abin da zai fara nema shi ne a nuna masa shafin da aka riga aka gina, ya shigar da suna da hannunsa, ya ga ya fito daidai.