Ilimin Zamantakewa: Bayan Digiri Na Farko, Sai Ina?

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin cutar shan inna a Jihar Kano da wasu jihohin Arewa. Ga magani, ga ma'aikata, amma iyaye da dama suka ƙi fito da 'ya'yansu. Ba a ci gaba da aikin a Kano ba sai a watan Yuli na 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da tuni suka rabu da ita. Likita ya san abin da ke cikin kwalba, amma ba a koya masa dalilin da zai sa uwa mai ƙaunar ɗanta ta ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba.

Wannan tambaya ta masanin ilimin zamantakewa ce, wato soshiyoloji. Waɗanda suka zauna da jama'a suka saurare su sun tarar da dalilai masu tushe. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Suna kuma tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigo kyauta, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai mun saya? Sai da aka shigar da sarakuna da malamai cikin aikin sannan al'amura suka daidaita, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Ilimin ba baƙo ba ne gare mu. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya yi nazarin yadda haɗin kai kan kafa dauloli, raunin sa kuma ya rushe su. Sai a ƙarni na 19 Auguste Comte, mutumin Faransa, ya raɗa wa fannin sunan da ake kiran sa da shi yanzu.

A digiri na farko, ɗalibi kan karanta abin da wasu suka gano. A digiri na biyu, wanda kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, shi ne zai fita da kansa. Zai koyi yadda ake zaɓen mutum ɗari biyar su wakilci gari guda ba tare da son rai ba, da yadda ake tsara tambaya don kada ta sa wa mai amsa magana a baki, da sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Daga nan ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai. Digirin digirgir kuwa, mu faɗi gaskiya, mai niyyar koyarwa a jami'a ko jagorancin bincike ne ya fi bukatar sa.

Ba kasafai ake tallar aiki da sunan fannin ba, shi ya sa wasu iyaye ke ɗari-ɗari da shi. Amma masu shi suna nan a Hukumar Ƙidayar Jama'a, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyi irin su UNICEF, inda suke auna ko shirin da aka kashe wa kuɗi ya taɓa rayuwar talaka.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna ba da waɗannan digirori. Sai dai ɗalibin da ya zaɓi fannin don ya guje wa lissafi, to ya sani zai tarar da shi yana jiran sa a darasin ƙididdiga. Malaman sakandare su gaya wa ɗalibansu haka tun daga aji huɗu.