Hunturu da tabar wiwi: Me ya sa fadamar Zamfara ke buƙatar masu ita?

Daga watan Nuwamba, da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙauyukan Ruwan Bore da ke ƙaramar hukumar Gusau, aikin gonar tudu ya ƙare. Gero da dawa sun shiga rumbu, sai karan da aka bari wa dabbobi.

A da, matasan yankin kan kasu biyu a wannan lokaci. Wasu su tafi ci-rani, wasu su gangara fadama su shuka albasa da tumatir da tattasai. Haka abin yake a Tsafe, haka yake a Bungudu, inda gulbin Sakkwato ya ratsa.

Yanzu fadamar da ta yi nisa da gari ta zama wurin tsoro. Ruwan Bore na cikin yankunan da ’yan bindiga suka kai wa mummunan hari a watan Fabrairun 2019, kuma a sassa da dama na jihar manomi ba ya girbe abin da ya noma sai ya biya harajin da ’yan bindiga suka ɗora masa.

Ƙasar da mai ita ya gudu ba ta zama haka nan. Wani ne zai yi amfani da ita, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke son irin wannan wuri ita ce tabar wiwi.

Daga ina wiwin ke zuwa?

Zamfara ba ta cikin manyan wuraren noman wiwi a Najeriya. Cibiyar nomanta tana dazukan kudu, inda ruwan sama ke da yawa kuma manyan itatuwa ke rufe gona.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi kan noman shekarar 2019 ya ƙiyasta kimanin hekta 8,900 na wiwi a jihohi shida: Edo, Ekiti, Ogun, Ondo, Osun da Oyo. Yawancin gonakin suna can cikin daji, nesa da titi.

Daga can ake dunƙule ta a buhuna a yo arewa da ita, a ɓoye cikin kayan abinci ko na masarufi. Titin Funtuwa zuwa Gusau, wanda ya bi ta Tsafe, shi ne babbar ƙofar shiga Zamfara daga wannan ɓangaren, kuma hukumar NDLEA ta sha sanar da kama mutanen da take zargi da kai wa ’yan bindiga wiwi da ƙwayoyi irin su Tramadol.

Kasuwar kuwa babba ce. Rahoton 2018 na UNODC da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta’ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. A Arewa maso Yamma kaɗai, adadin masu shaye-shayen ya kai kusan miliyan uku.

Abin da waya ke nunawa

Matashin da ke riƙe da waya a Gusau yana iya cin karo da bidiyon wani Bature da ya mayar da rumfar bayan gidansa gonar wiwi a tsakiyar sanyin ƙanƙara, ba tare da wutar gwamnati ba. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne dokar ƙasar da aka ɗauke shi.

Kanada ta halatta wiwi a watan Oktoban 2018, kuma a yawancin lardunanta gida ɗaya na iya shuka tushe huɗu. Jamus ta ba baligi damar tushe uku daga Afrilun 2024. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin nomanta don magani a 2017, Maroko ta bi sahu a 2021.

Najeriya ba ta bi wannan hanya ba. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi. Dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai kan noma ko sarrafa miyagun ƙwayoyi. Doka ba ta ware wanda ya shuka tushe biyu a bayan ɗaki ta ce ba laifi ya yi ba.

Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kira tun 2019 a halatta noman don magani da fitarwa waje. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya kama aiki a Janairun 2021, ya nuna adawa da halattawar a fili. A Zamfara kuma akwai shari’ar Musulunci da aka ƙaddamar a 1999, wadda ta haramta duk abin maye.

Ruwa ne matsalar, ba sanyi ba

Hunturun Zamfara ba irin na Kanada ba ne. Ba ƙanƙara ke kashe shuka a nan ba, ƙishirwa ce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kusan ba a ganin ɗigon ruwan sama, don haka duk abin da zai yi kore sai a bakin rafi ko gindin rijiya.

Wannan ya sa ɓoye irin wannan shuka a cikin ƙauye ke da wuya. Kore a tsakiyar rani yana jan ido, warinta ba ya ɓuya, kuma a ƙauye kowa ya san wanda ke jan ruwa da inda yake kai shi. Idon maƙwabta da na mai unguwa ya daɗe yana yin aikin da jami’an tsaro ba su kai ga yi ba.

To amma wannan ido yana aiki ne idan akwai mutane a wurin. Ƙauyen da ya watse, mazaunansa suka koma gudun hijira a Gusau ko Tsafe, ba mai lura da abin da ke tsirowa a fadamarsa. Abubuwa uku da suka raya noman wiwi a dazukan kudu, wato dajin da hukuma ba ta shiga, matasa marasa aikin yi, da mai saye a kusa, duk sun haɗu a nan.

Wa ke biyan kuɗin?

Iyalai ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan wiwi, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Iyaye da dama daga Zamfara sai sun kai ’ya’yansu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, ga kuɗin mota ga na magani.

An gwada toshe hanyoyi. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Talakawa sun sha wahala, kuma da aka sassauta matakan hare-hare ba su ƙare ba.

Kamen da ake yi a kan titi yana rage kayan da ke shigowa, amma ba ya ba matashi abin yi daga girbi zuwa faɗuwar ruwa. Jihar da ke kirari da noma tana da madatsar ruwa ta Bakolori, tana da gulabe da fadamu. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya fara yaɗuwa a arewa, kuma ba ya buƙatar fetur ko wutar gwamnati.

Abin da ya rage ga gwamnatin Dauda Lawal da jami’an tsaro shi ne manomin Ruwan Bore ya iya fita da asuba zuwa gonar albasarsa, ya dawo gida da yamma lafiya. Muddin yana zuwa fadamarsa kullum, wani ba zai shuka masa abin da bai so ba a cikinta.