Sabon Huhu, Tsohuwar Cinya

Tun 1983, lokacin da Dakta Joel Cooper ya yi wa wani mutum dashen huhu a birnin Toronto na Kanada, mutumin kuma ya rayu shekaru bayan haka, likitoci suka lura da wani abu: majinyaci yakan sami sabon huhu mai kyau, amma ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Doguwar kwanciya tana cinye tsoka, magungunan da ke hana jiki ƙin sabon huhun su ma suna ƙara raunana ta. Wani bincike da aka yi a Landan a 2013 ya nuna cewa tsokar cinyar masu jinya mai tsanani tana raguwa da kusan kashi 18 cikin ɗari a kwana goma kacal.

Shi ya sa wasu asibitoci ke amfani da wata 'yar na'ura mai batir. Ana manna faifan roba a gaban cinya, na'urar ta riƙa aika lantarki kaɗan-kaɗan, sai tsoka ta ɗame, ta saki, ta sake ɗamewa, alhali majinyaci yana kwance. Bincike ya nuna tana ƙara ƙarfin cinya ga masu ciwon huhu da ya yi nisa, amma ba ta kai tafiya da ƙafa amfani ba. Gada ce kawai zuwa ranar da mutum zai miƙe.

Me ya haɗa wannan da 'yan'uwanmu na Sudan? A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da ƙauyukan Hausawa manoman auduga na Jazira, dashen huhu labarin nesa ne. Sai an je irin su Riyad. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuwa ya durƙusar da asibitoci da dama, har da na Wad Madani. Amma ramar tsoka tana nan cikin gidaje: ga mai tarin fuka, ga tsohon da asma ta kwantar, ga wanda ya karye.

A nan ne tausayinmu yake yin ɓarna. "A bar shi ya huta," in ji masu jinya, a kai masa abinci da buta har shimfiɗa, wata ya wuce, sai a ga dattijon da ke tsayuwar salla ya kasa tashi daga tabarma. In likita ya yarda, a zaunar da shi bakin gado kullum, ya miƙe ƙafa ya lanƙwashe, ya tashi tsaye da taimako, a ba shi wake, madara da ƙwai.

Na'urar kuwa, ma'aikacin lafiya ne zai saita ƙarfinta. Ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, ba a ɗora ta kan miki ko ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta.