Faifai Biyu Da Littafin Masu Shiga

'Yan'uwa manoma na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, duk ƙungiyar da ta mai da lissafin bashin taki cikin kwamfuta, ta saurara. Faifan ajiya yakan mutu ba sallama. Ran da ya mutu, wa zai shaida kuɗin da gwauruwa ta biya?

Maganinsa a sa faifai biyu a haɗe, tsarin da a ke kira RAID 1. Abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ya shiga ɗayan. Amma fa abin da aka share, ya ɓace a duka biyun. Saboda haka kowace Asabar magatakarda ya kwafi lissafin a filas, a ajiye a wani gida. Kada a dogara ga intanet kaɗai. Ku tuna watan Satumba na 2021. Tun farkon watan aka rufe layukan waya a Zamfara, makonni suka wuce.

Na biyu, kowane ma'aikaci da sunansa da kalmarsa ta sirri. A Windows, cikin Event Viewer, lamba 4624 tana nuna wanda ya shiga da lokacin, 4625 kuwa wanda ya gwada ya kāsa. In an ga shiga da tsakar dare, shugaba ya tambaya. Amana tana son shaida.